Mamman Shata: Mawaƙin da bai yi ritaya ba

A ranar Juma'a 18 ga watan Yunin shekarar 1999 ne Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata Katsina rasuwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da ke birnin Kano, yana da kimanin shekaru 76 a duniya.

Marigayin ya shafe fiye da rabin ƙarni yana waƙa, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai tara jama'a ya yi musu ban kwana da kalangu ba. Rashin lafiya ce ta zaunar da shi, ita ma sai a ƙarshen rayuwarsa.

A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe ana tafka muhawara a kan tsofaffin mawaƙan kiɗan rok, wato ko ya dace su ci gaba da hawa dandamali bayan furfura ta game musu kai, ko kuwa su koma gida su bar masoyansu da tunanin zamanin ƙuruciyarsu.

Mick Jagger na ƙungiyar Rolling Stones ya zagaya biranen Amurka yana wasa a shekarar 2024, yana ɗan shekara 80. Elton John kuwa ya zaɓi ya yi sallama, inda ya kammala rangadinsa na ban kwana a birnin Stockholm cikin watan Yulin 2023. Shi kuma Ozzy Osbourne a zaune a kan kujera ya yi wasansa na ƙarshe a birnin Birmingham ranar 5 ga watan Yulin 2025, saboda ciwon da ya hana shi tafiya, kuma bayan kwana 17 ya mutu.

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, sai dai a nan takan zo da wata kama dabam. Rayuwar Shata na daga cikin wuraren da za a fi ganin haka.

Haye ya yi, ba gado ba

An haifi Mamman Shata a shekarar 1923 a garin Musawa, wanda yake cikin masarautar Katsina. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuma Lariya.

Gidansu ba gidan kiɗa ba ne. A al'adar Hausawa ta wancan zamani sana'a gado ce: ɗan maƙeri ya yi ƙira, ɗan makaɗi ya yi kiɗa. Wanda ya shiga sana'ar da bai gada ba, haye ya yi, kuma idan sana'ar ta roƙo ce, to danginsa kan ɗauki abin a matsayin zubar da mutunci. Mahaifin Shata bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a wurinsa waƙa roƙo ce.

Shata ya yi karatun allo kamar sauran yara, sannan ya taɓa tallar goro, daga baya kuma ya koma tallar alewa. A dandali da kasuwannin ƙauye ne ya fara rera waƙa yana saurayi, tun abin yana wasa har ya rinjayi tallar. Laƙabin Shata kuwa wani ɗan uwansu ne mai suna Baba Salamu ya sa masa.

Daga Musawa ya koma Bakori, inda ya zauna a inuwar Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a fannin cinikin auduga da gyaɗa. A nan ya yi aurensa na farko, daga nan kuma ya riƙa fita yawon kiɗa zuwa garuruwan arewa.

A Kano ne tauraronsa ya fara haskawa sosai, a shekarar 1952, lokacin da ya yi wasa a bikin 'yan sarki, inda aka yi auren 'ya'yan gidan sarautar Kano da dama a lokaci guda. A shekarar 1960 ya koma Funtuwa da zama, kuma ita ce ta zame masa gida kusan shekara 40.

Kalangu da amshi

Tsarin waƙar Shata ba shi da kayan ado da yawa. Makaɗan kalangu ne a gefe, sai 'yan amshi da ke maimaita gajeren layi guda, sai shi kansa a tsakiya yana zuba magana a tsakanin amshi da amshi.

Ba ya rubuta waƙa, kuma an san shi da ƙirƙirar ta nan take a gaban jama'a. Yakan ba da amshi, kalangu ya ɗauka, sauran kuma ya fito daga abin da idonsa ya gani a wurin da abin da ya sani game da mutumin da yake yi wa waƙar.

Ya yi wa sarakuna waƙa, cikinsu har da Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero. Ya yi wa attajirai da direbobi da sojoji da mata da 'yan siyasa. Ya yi zambo mai zafi ga waɗanda suka saɓa da shi. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a shekarar 1969, kumbon Apollo 11 ma bai tsira daga bakinsa ba.

Wani abu da ya bambanta shi da manyan makaɗan fada, irin su Ibrahim Narambaɗa da ya yi wa Sarkin Gobir na Isa hidima, shi ne bai ɗaure kansa ga fada guda ba. Makaɗin fada yana da ubangida da ke ɗaukar nauyinsa, ya ba shi gona da doki da sutura, idan ya tsufa kuma 'ya'yansa su karɓi kiɗan, shi ya koma gefe yana sa albarka. Iyalan Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, sun ci gaba da kiɗan gidansu a kan wannan tsari.

Shata ya zaɓi 'yanci. Yana zuwa inda ya so, ya yabi wanda ya so, ya juya wa wanda ya so baya. Amma wanda bai gaji kiɗa ba, kuma ba shi da fada guda da ta ɗauke shi a matsayin bawanta, ba shi da wani tsari da aka tanadar masa na sauka.

Ritaya, kalmar masu albashi

Shekarun da Shata ya yi yana tashe su ne shekarun da Kano ta tashi daga garin dalar gyaɗa ta zama garin masana'antu. Bompai ce ta fara cika da kamfanoni, daga bisani aka buɗe Sharaɗa da Challawa. Aka kafa masaƙu, da kamfanonin jimar fata, da na matsar man gyaɗa, da na alewa, da na robobi.

Dubban mutane suka baro ƙauyuka suka zama leburori da masu kula da injina. Da albashin ƙarshen wata suka sayi rediyo, daga baya suka sayi rikoda, kuma muryar Shata na daga cikin waɗanda suka fi fita daga waɗannan akwatuna, a ɗakunan haya da teburan masu shayi da cikin motocin da ke jigilar kaya.

Da aikin albashi ne kuma kalmomin ritaya da fansho da garatuti suka zauna a bakin Bahaushe. Manomi ba ya ritaya, haka ma maƙeri da mahauci. Ƙarfi ne ke raguwa, sai yara su karɓi wahalar, dattijo ya ci gaba da zuwa maƙera ko rumfa har ranar da ƙafa ta gaza. Tunanin cewa akwai wata rana a kalanda da mutum zai ajiye aiki, ko da kuwa da sauran ƙarfinsa, daga ofis da kamfani ya zo.

A aikin gwamnati a Najeriya ƙa'idar ita ce shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 ana aiki. Da za a auna Shata da wannan ma'auni, da ya sauka a shekarar 1983 ko ma kafin nan. Ke nan da ya bar fage shekara biyar kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a shekarar 1988.

Sai dai kuma ko da ya so sauka, babu fanshon da ke jiransa.

Kamfanin EMI ya buga waƙoƙinsa a faifan garmaho, gidajen rediyo, musamman Rediyon Kaduna, sun ɗauki da yawa sun adana. Amma da zamanin kaset ya zo, duk mai rikoda biyu a kasuwa ya zama kamfanin kansa. Ana kwafar waƙa ana sayarwa daga Kano har Maraɗi da Kumasi, ba tare da ko kwabo ya koma hannun mai ita ba.

Wannan ya sha bamban da halin da manyan mawaƙan Yamma suke ciki. Bob Dylan ya sayar wa kamfanin Universal haƙƙin mallakar waƙoƙinsa a shekarar 2020, Bruce Springsteen kuma ya sayar wa Sony nasa a 2021, kowannensu a kan ɗaruruwan miliyoyin daloli. Irin waɗannan idan sun ci gaba da wasa bayan shekara 70, ba neman abin kai wa baki ne ya fito da su ba.

Dukiyar mawaƙin Hausa kuwa a fili take. Sai ya tsaya a gaban jama'a ya kama sunan mutum, sannan a yi masa kari, a ba shi riga ko doki ko mota ko kujerar Makka. Ranar da bai fita ba, babu abin da ya shigo. Kuma ba shi kaɗai ba ne: a bayansa akwai makaɗa da 'yan amshi da maroƙa da direbobi, kowannensu da iyali. Idan maigida ya ce ya ajiye kalangu, tukwane da dama ne za su sauka daga murhu.

Wani abin lura shi ne, su kansu masu albashin ba duka ne suka ga ritayar da aka yi musu alkawari ba. Bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki a shekarar 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injina da ake shigowa da su suka yi tsada, ga matsalar wutar lantarki. Kamfanoni a Bompai da Sharaɗa da Challawa suka shiga rage ma'aikata, da dama kuma suka rufe baki ɗaya a shekarun da suka biyo baya. Mutane da yawa sun bar aiki tun ba su kai shekarun sauka ba. A daidai wannan lokaci Shata, wanda ya haura shekara 60, yana nan yana amsa gayyata.

Me tsufa ke ragewa?

Masu cewa tsofaffin mawaƙan rok su sauka suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Kiɗan nasu an gina shi ne a kan ƙuruciya, da tsalle-tsalle, da tawaye ga manya. Idan dattijo mai jikoki ya fito yana rera waƙar da ya yi yana ɗan shekara 20, da irin rawar da ya yi a wancan lokaci, akwai masu ganin yana kwaikwayon kansa ne kawai.

Wannan hujja ba ta kama Shata sosai. Sana'arsa ba ta dogara da rawa ba. Jarinsa shi ne harshe, da saurin tunani, da sanin mutane: wane ɗan wane ne, wa ya haifi uwarsa, wace sarauta kakansa ya riƙe, wane alheri ya yi a wace shekara. Irin wannan jari ƙaruwa yake yi da shekaru. Mawaƙin da ya yi wa uba waƙa, idan ya tsaya a gaban ɗa bayan shekara 30, yana da abin faɗa da wani sabon shiga ba shi da shi.

Shi ya sa laƙabin da ya fi bin sa, wato Mahadi mai dogon zamani, yabo ne ga daɗewar kanta. A wurin masu sauraronsa tsawon zamani daraja ce.

Bakandamiyarsa ma, waƙar da yake wasa kansa a cikinta, ba sau ɗaya ya rera ta ba. Akwai ta a ɗauka dabam-dabam, kuma ba a samun biyu da suka zo daidai kalma da kalma, domin kowane lokaci yakan ƙara, ya rage, ya sauya. Mawaƙin da ke aiki da haka ba ya fuskantar matsalar da ke damun takwaransa na Turai, wanda 'yan kallo suka biya kuɗi domin su ji waƙa kamar yadda take a faifai, kuma suke ƙirga duk inda murya ta kasa kaiwa.

Duk da haka ba gaskiya ba ne a ce shekaru ba su taɓa shi ba. Duk wanda ya saurari ɗaukar shekarun 1960 da 1970, sannan ya saurari ta ƙarshen rayuwarsa, zai ji bambanci a kaifin murya da tsawon numfashi. A ganina wannan bai isa dalilin da za a ce da ya yi shiru ba. Masu gayyatarsa sun san shekarunsa, kuma abin da suke nema shi ne a ce Shata ya ambaci sunansu, ko da wace irin murya ce.

Batun tuba

Inda tambayar ta fi nauyi a ƙasar Hausa shi ne ta fuskar addini da mutunci. Ba a cika ce wa tsohon mawaƙi muryarsa ta dushe ba. Abin da aka fi ce masa shi ne, lokaci ya yi da zai tuba, ya kama carbi, ya fuskanci lahira.

Malamai sun daɗe da saɓani a kan hukuncin kiɗa da waƙa, kuma wa'azi a kan batun ya ƙara ƙarfi a arewacin Najeriya daga ƙarshen shekarun 1970, bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Shata ya ba masu sukarsa abin kamawa. Waƙar da ya yi a kan shan barasa ta jawo masa fushin mutane da dama, haka ma zambon da ya yi wa wasu, wanda ya bi su da zuriyarsu.

Amma shi ɗin ne kuma ya yi waƙar yabon Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda har yanzu tana daga cikin waƙoƙinsa da aka fi so. Ya sauke farali, ya dawo da sunan Alhaji, ya ci gaba da sana'arsa.

Akwai waɗanda suka bi wata hanyar. Mawaƙin Ingila Cat Stevens ya musulunta a shekarar 1977, ya koma Yusuf Islam, ya bar kiɗan zamani na kusan shekara 30, kafin ya sake fitar da faifai irin na da a 2006. Shata bai yi irin wannan yankewa ba. Abin da rayuwarsa ta nuna shi ne ya ɗauki waƙa a matsayin baiwar da Allah ya yi masa da kuma hanyar cin abincinsa, ya riƙe ta tare da addininsa har ƙarshe. Mutane na da ra'ayi mabambanta a kan ko ya yi daidai, kuma ba aikin ɗan jarida ba ne ya yanke wannan hukunci.

Bai kai ga ganin zamanin da aka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a jihohin arewa ba, wanda jihar Zamfara ta ƙaddamar a watan Oktoban 1999, wata huɗu bayan rasuwarsa. A ƙarƙashin wannan tsari kiɗan bainar jama'a ya fuskanci takunkumi a wurare da dama.

Siyasa da lambobin yabo

Shata ya taɓa siyasa. A shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya. A jamhuriya ta biyu ya shiga jam'iyyar GNPP, daga baya ya koma NPN. A jamhuriya ta uku ya zama shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, muƙamin da bai daɗe a kai ba aka tsige shi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai raba shi da kalangu ba.

Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girmamawa ta MON. Ya kai waƙarsa ƙasashen Afirka ta Yamma, ya kuma je Ingila da Amurka. Tun a shekarar 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana ta Amurka, a shekarar 2006 kuma Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

Shekarun ƙarshe

Shekaru goman ƙarshe na rayuwar Shata sun zo daidai da sauyin kunnen matasa. A shekarar 1990 aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa. Kafin ƙarshen shekarun 1990 waƙoƙin fim da ake haɗawa da fiyano a ƙananan ɗakunan ɗaukar sauti sun fara mamaye kasuwar kaset da gidajen biki.

Sabon tsarin ba ya buƙatar ayarin makaɗa da 'yan amshi. Mutum ɗaya da na'ura ɗaya sun wadatar. Wannan ne ya fi yi wa kiɗan kalangu illa fiye da tsufan kowane mawaƙi, domin ya rage yawan yaran da ke sha'awar zama a bayan maigida shekara da shekaru suna koyon amshi. Da a ce Shata ya sauka da wuri domin ya ba na baya wuri, da wuya a ce wani mai kalangu ne zai hau wurin.

Ciwon da ya kama shi ya sa an kwantar da shi a Kano, sannan aka kai shi birnin Jidda na Saudiyya inda aka yi masa tiyata. Ya ɗan samu sauƙi ya dawo gida, amma jikin bai koma daidai ba. Saboda haka bai taka wata rawar a zo a gani ba a siyasar da ta dawo da mulkin farar hula ranar 29 ga watan Mayun 1999.

Kwana 20 bayan wannan rana ya cika a Kano, garin da ya fara yin suna shekara 47 kafin nan.

A ranar ce kuma aka ɗauki gawarsa zuwa Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, inda aka yi masa jana'iza da yamma, sarkin na cikin waɗanda suka halarta. Ya rasu ya bar mata uku da 'ya'ya da jikoki da dama.